Ranar da Masta Mashud Ya Bi Ƙofar Baya

A Salaga, in ka ce gidan Alhaji Sherif mai doya kake nema, ba wanda zai tsaya yi maka dogon kwatance, da baki kawai za a nuna maka. Tsohon gida ne. Kakanninsu fataken goro ne da suka taso daga ƙasar Hausa suka yada zango a garin, har zangon ya zama gida. Da cinikin goro ya sauya hanya, sai jikoki suka kama doya da masara da tumaki. A wannan gida aka haifi Mashud, ɗan Alhaji Sherif, kuma tun yana ƙarami aka gane ba za a more shi a kasuwa ba. In an ce ya taya lodin doya, sai ya fasa wannan ya kuje wancan. Amma a ba shi magana, nan ake ganin gwaninta. Hausarsa irin ta tsofaffin gidan ce, cikakkiya, ga Gonjanci, yaren 'yan ƙasar, ga Turancin da ya kwaso a makaranta kamar ana ɗura masa. Wata rana uban ya dube shi ya ce, "Wannan sai alli. Ku ƙyale shi."

Aka ƙyale shi, ya yi kwalejin malamai, aka tura shi Makango, bakin ruwa. Yaransa 'ya'yan masunta ne da masu banda kifi. Da zarar jirgin fito ya taso daga Yeji ya yi kuka, rabin aji sai ya miƙe, don kowa da tallan da uwarsa ta ajiye masa. Mashud bai yi faɗa da jirgi ba. Ya mayar da lissafi farkon safiya, ya riƙa kafa musu tambaya da kwandunan kifi da kuɗin fito, har yaran da aka yanke wa ƙauna suka fara cin jarrabawa. Gaskiyar magana, malami ne na ƙwarai, kuma ko maƙiyinsa ba zai hana shi wannan ba.

Abu ɗaya ne da shi: ba ya iya jure ɓacin ran mutum a gabansa. In biyu suka yi faɗa suka zo wurinsa, kowa zai fita yana ganin shi ne mai gaskiya. A lokacin mutane suna kiran wannan hali haƙuri, shi ma haka ya ɗauka.

Bayan rasuwar mahaifinsa, uwarsa Hajiya Atikatu ta riƙe cinikin doya, ta yi masa aure da wata 'yar maƙwabta mai suna Raihanatu. Ba a daɗe ba aka ɗauke shi zuwa Yendi, wata makarantar Ingilishi da Larabci, aka ba shi mataimakin shugaba. Shugabar kuwa Hajiya Munawara ce, 'yar ƙabilar Dagomba, gajera, mai muryar da ba ta ɗagawa amma har ajin ƙarshe ake jin ta. Ta ga yana da kai, sai ta riƙa sakar masa aiki. Shi ke tsara darussa, shi ke tarbar baƙi daga ofishin ilimi, shi ke jawabi a taron safe. In ya tsaya gaban yara yana zancen ladabi da riƙon amana, har masu sayar da koko a bakin ƙofa sukan dakata da zuba wa mutane su saurara. A irin wannan jawabi ne ya kafa dokar cewa duk ɗalibin da aka kama da waya a aji, an karɓe ta ke nan sai ƙarshen zangon karatu, ko ɗan wane ne.

Wani sabon malami, Zainudeen, saurayi ne da bai daɗe da fitowa daga kwaleji ba, ya ɗauki maganar da gaske. Ya kama wani yaro yana kallon ƙwallo a waya, ya karɓe. Ashe uban yaron babban dillalin shanu ne, shi ya yi wa makarantar rufin kwano a shekarar da iska ta yaye shi. Kashegari, Hajiya Munawara tana Tamale wajen taro, mutumin ya faka mota har tsakiyar fili, ya shiga ajin Zainudeen ba sallama, ya fara zazzaga masa ta cikinsa a gaban yara. Aka ruga aka kira Mashud.

Mashud ya shigo yana murmushi, ya riƙe hannun mutumin da hannu biyu.

"Alhaji, a yi haƙuri. Yaro ne, sabon zuwa ne, bai san ɗan gidan wa ya taɓa ba."

Zainudeen ya ce, "Malam, dokar da ka faɗa a taron safe ce na bi."

"Ba yanzu ba, Zainudeen. Ɗauko wayar ka ba Alhaji haƙuri."

Saurayin ya tsaya kamar bai ji ba. Mashud ya sake faɗa, a hankali, idonsa a ƙasa. Zainudeen ya ɗauko wayar, ya rusuna, ya miƙa, ya ba da haƙuri, yaron da aka kama yana dariya ƙasa-ƙasa a bayan uban. Da ya ɗago, ba Alhajin ya kalla ba, Mashud ya kalla. Bai sake iya riƙe wannan ajin ba, kuma kafin shekara ta ƙare ya nemi a sauya masa wuri.

Da Hajiya Munawara ta dawo ta ji labari, ta kira Mashud ofis ta tura ƙofa.

"Wa ya kafa dokar?"

"Ni ne, Hajiya. Amma na ga gara a kashe wutar kafin ta ci makaranta."

"Ka kashe ta da rigar yaron nan. Taka ba ta ko yi hayaƙi ba." Ta ƙara da cewa, "Mashud, kana da baki, kana da kai. Abin da ban sani ba shi ne ko kana da ƙafafun tsayuwa."

Maganar ta zauna masa a ƙirji, ya yi kwanaki ba ya iya wucewa ta ƙofar ajin Zainudeen, sai ya zagaya ta bayan tankin ruwa. Amma kunya irin wannan, in ba a sake taɓo ta ba, ƙura takan rufe ta. Ya shiga karatun ƙarshen mako ya sami digiri. Duk inda aka kira bita kan shugabancin makaranta yana layin gaba, shi ke tashi ya taƙaita abin da aka koya, a yi masa tafi. Ya ci jarrabawar ƙarin girma. Sai dai kujerar shugaba ba ta faɗuwa kullum, kuma da ta faɗo, a Bawku ta faɗo, inda rikici ke tashi ya lafa ya sake tashi, malamai kowa na neman hanyar fita. Waɗanda suka girme shi a aiki suka noƙe. Shi kuwa ya ce yana so. Ya mayar da Raihanatu da yara Salaga wurin uwarsa, ya ɗaure kayansa. Ranar sallama Hajiya Munawara ta ce masa, "Can ba a cin tuwo da jawabi. Allah ya riƙa maka."

Makarantar ƙaramar sakandare ce, tana tsakanin unguwanni biyu da ba sa ga maciji da juna, kuma daga duka biyun yaranta suke zuwa. Malamai kaɗan suka rage. Akwai Malam Wadud mai Larabci, dattijo da gemunsa ya fara fari. Akwai Madam Anisatu mai Turanci, haifaffiyar zangon Bawku, uba Bamoshe uwa 'yar ƙabilar Busanga, wadda ta riƙe makarantar tun da tsohon shugaba ya tafi. Hausarta ta kasuwa ce, mace da namiji duk "ya" ne a bakinta, kuma a farkon zuwansa Mashud yakan yi dariyar abin a ransa.

Ya fara aiki da zafi. Ya sa aka yi fenti, aka rubuta sabon allo a bakin hanya da sunansa a ƙasa, kowa ya koma kiransa Masta. A taron malamai na farko Madam Anisatu ta kawo maganar da ta fi damun su. Azuzuwan tagoginsu gilashi ne, wasu ma fayau suke. Ɗaki ɗaya ne mai kaurin bango da ƙofar ƙarfe, wato ɗakin kwamfuta, da sito a jikinsa. Aka yi shawara in an ji harbi a kwashe yara duka zuwa can.

"To makullin fa, Masta?" in ji ta. "A bar ɗaya a hannuna."

"Kayan gwamnati ne a ciki, Madam. In wani abu ya ɓata ni za a tambaya. Ai kullum ina nan."

Ya haɗa shi da sauran makullai a zobe ɗaya ya jefa aljihu.

Ranar da abin ya faru ranar kasuwa ce, rana ta take, ana dab da tashi sallar azahar. Yana ofis yana cin waken da aka sayo masa. Ƙarar farko ya zaci tayar mota ce ta fashe. Ta biyu ba ta bar shakka ba, don a jere ta zo, kusa, kamar a bayan katanga. Sai ihun yara.

Daga baya ya sha juya wannan lokaci a ransa yana neman inda ya yanke shawara, bai taɓa samu ba. Abin da ya sani shi ne ya tsinci kansa a bayan ofis, yana gaya wa kansa zai je ya kira sojoji. Akwai wata 'yar ƙofa ta baya da ke fita gonar gero. Ya bi ta. Da gero ya rufe shi, wata ƙara ta sake tashi, sai ƙafa me na ci ban ba ki ba. Bai nufi wajen sojoji ba, bai nufi ofishin ilimi ba. Ya ɓulla titin Garu, ya tarar da motar albasa tana ƙoƙarin ficewa daga gari, ya kama ƙarfe ya haye, ya kwanta rub da ciki a kan buhuna, rigarsa mai guga tana shan jar ƙasa.

A tashar Garu ya sauka. Ya sa hannu aljihu zai ba yaron mota wani abu, sai yatsunsa suka taɓa zoben makullai. Ya tsaya a wurin kamar an dasa shi. Wayarsa tana ta ruri tun a hanya. Ya duba, sunan Madam Anisatu ne, kira a kan kira. Ya san abin da za ta tambaya. Sai ya kashe wayar.

Ko a lokacin da ya juya, da an ce tsoro ne ya ɗebe shi ya dawo da shi. Amma kunyar komawa ta fi masa tsoron harsashi nauyi, sai ya ƙara gaba. Ya shiga motar kudu, daga wannan tasha zuwa waccan. Da suka ratsa Yendi, motar ta bi ta gaban tsohuwar makarantarsa, ya sunkuyar da kai tsakanin gwiwoyi har mai zama kusa da shi ya tambaye shi ko amai yake ji.

A Salaga an riga an ji a rediyo. Raihanatu ta fashe da kuka da ta gan shi, maƙwabta suka cika zaure ana barka da arziki. Aka tambaye shi yaran makaranta. Ya ce lafiya lau. Aka ce ai sai da ya ga kowa ya shiga gida ko? Bai ce a'a ba. Kafin la'asar ta kashegari labarin ya yi kitse, har ana cewa shi ya goya ƙananan ya tsallake da su titi, shi kuma yana zaune yana karɓar addu'a.

Hajiya Atikatu kuwa tana gefe. Tana zaune a tsakar gida tana ware doyar da ta ƙuje daga mai lafiya, tana kallonsa ta wutsiyar ido. Da baƙi suka ragu ta ce, "Wayarka ta lalace ne? Mutum mai mutane a hannunsa, ban ji ta yi kuka ko sau ɗaya ba."

Ya kunna. Kamar jira ake yi, kira ya shigo. Ya danna, muryar Madam Anisatu ta fito sarai har uwar tana ji.

"Masta, kana lafiya? Mun neme ka har asibiti."

"Lafiya, Madam. Ina... ina Salaga."

Ta ce, "To. Ba wanda ya mutu. Mun fasa ƙofan. Samiratu na aji biyu gilashi ya yanke shi a ƙafa, an ɗinke. In ka dawo ka zo da makulli, sito a rufe yake."

Ta kashe. Ba zagi, ba gori.

Uwar ta ajiye doyar da ke hannunta. "Wace ƙofa suka fasa?"

Ya gaya mata. Tun yana yaro bai taɓa iya yi mata ƙarya ido da ido ba.

Ta ce, "Ni da nake tura mota Kumasi, in ta lalace a daji, direban da ya bar min doya ya taho gida ba ya sake riƙe min sitiyari. Doya ke nan, Mashud. Su kuwa 'ya'yan mutane ne." Ta share hannu a zaninta. "Na karɓi barkar mutane a kan ƙarya. Wannan nawa ne, zan san yadda zan yi da shi. Kai kuma gobe akwai motar safe."

"Mma, da wane ido zan dube su?"

"Da wanda ka dubi hanyar Garu."

An rufe makarantun garin na 'yan kwanaki, ya iso ana shirin buɗewa. Abin da ya fara gani ƙofar ƙarfen ce, a lanƙwashe wajen kuba. Malam Wadud ne ya ba shi labari, ba tare da ya tambaya ba, cikin murya mai sanyi kamar yana karanta wa yara tarihi. Yaran sun taru a bakin ƙofar kamar yadda aka koya musu, suka tarar da ita a kulle. Aka aika ofis, ba Masta. Dole aka mayar da su azuzuwa suka kwanta ƙarƙashin benci, harsashi ya fasa taga ɗaya, gilashi ya zubo a kan Samiratu. Shi Malam Wadud da Madam Anisatu suka ɗauko gatarin mai dafa abinci, suka yi ta saran kubar a fili, ana harbi, har ta saki.

"Allah ya tsare," in ji dattijon. "Sannu da hanya, Masta."

Wannan sannu da hanyar ita ta fi yi masa ciwo, kuma kowa ita yake yi masa. Malamai suka gaishe shi da ladabi, suka daina shiga ofishinsa. In suna da tambaya, Madam Anisatu suke nema. A taron safe ya buɗe baki zai yi jawabi, ya ga idanun yara a kansa, ya ga Samiratu a jingine da ƙawarta da bandeji a ƙafa, maganar ta maƙale. Ya ce a shiga aji. Yana juyawa ya ji wata 'yar murya daga baya ta ce, "Masta Albasa," dariya ta bi layi kamar wutar kara.

A ranar ya sami Madam Anisatu tana duba littattafan yara a gindin dalbejiya, ya ce mata zai nemi a ɗauke shi, ita a ba ta kujerar.

Ba ta ɗago ba. "Ni ban kai matsayin ba tukuna, ka sani. In ka tafi ba za su kawo wani ba, ba mai zuwa Bawku yanzu. Za su haɗe mu da wata makaranta, yaran unguwan can ba za su iya zuwa ba." Ta juya shafi. "Ka riga ka tafi sau ɗaya, Masta. Ya isa. Ka zauna ka yi aikin."

Taron iyaye ya zo a makon. Ya kwana biyu yana shirya abin da zai faɗa, kuma halin nan nasa bai sake shi ba, don abin da ya shirya kwaskwarima ce. Ya tashi ya ce a ranar ya fita ne neman agaji, hanya ta rufe, bai sami dawowa ba. Bai kai ƙarshe ba wani mutum ya miƙe daga baya. Mutala ne, mahaifin Samiratu, mai gyaran keke.

"Masta, zauna ka huta. Direban motan albasa ƙanen matata ne."

Ba wanda ya yi dariya. Da ma sun yi, da ya fi masa sauƙi. Ya rasa inda zai ajiye hannuwansa, ya zauna.

Mutala ya ci gaba. "Ni ban zo tonon asiri ba. Kowa a nan ya taɓa gudu, wanda bai gudu ba yana kabari. Amma mu da muke gudu, da yaranmu muke gudu. Abin da na zo ji ɗaya ne. In ya sake faruwa, yaya za a yi?"

Duk bitar da Mashud ya halarta, ba ta ba shi abin da zai faɗa a nan ba. Ya ce, a zaune, da muryar da shi kansa bai gane ba, "Ban sani ba. Ku kuka san garin. Ku gaya min."

Sai wata mata ta ce ita dai a daina tashin yara lokaci ɗaya ranar kasuwa. Wani ya ce a toshe tagogin da ke kallon titi da bulo zuwa rabi. Wani daga ɗaya unguwar, wanda tun da aka zauna bai dubi ɓangaren su Mutala ba, ya ce in za a yi, shi magini ne. Taron da aka saba gamawa kafin shayi ya huce ya kai har la'asar, Mashud bai ƙara cewa uffan ba sai rubutu.

Abin da ya biyo baya ba abin a yi waƙa ba ne. Ya je kasuwa aka yanka wa kowane malami makulli. Ya tashi daga ɗakin da yake haya a cikin gari ya koma wani ƙaramin ɗaki a jikin makarantar. Da yake an hana maza hawa babur a lokacin, da ƙafa ya riƙa bin gidajen yaran da iyayensu suka janye, unguwa zuwa unguwa. A wasu gidajen a ba shi tabarma, a wasu a bar shi tsaye a rana a ce maigidan ba ya nan, alhali yana jin tarinsa. Gidan Mutala ya fi zuwa. Yakan zauna a kan tsohuwar taya ya yi wa Samiratu darasin da ta rasa, uban yana ɗaure sarƙar keke bai ce masa ci kanka ba. Wasu yaran sun dawo, wasu har yau ba su dawo ba. Ya daina jawabin safe, ya bar wa malamai suna yi bi da bi, kuma a taronsu ya koyi yin shiru har kowa ya gama.

Bayan damina harbi ya sake tashi, wannan karon da hantsi. Yana cikin aji yana lissafi. Allah ya sani idonsa sai da ya kai ga 'yar ƙofar baya. Ya dafa tebur ya ce wa yara su bi layi kamar yadda aka saba gwadawa. Ya bi bayansu yana jan ƙafa har bakin ɗakin kwamfuta, wanda Malam Wadud ya riga ya buɗe. Ya tsaya a ƙofar, aji bayan aji suna shiga ta ƙarƙashin hannunsa, haƙoransa suna haɗuwa, yaran suna gani. Da na ƙarshe ya shige, ƙafafun suka ƙi ɗaukarsa, ya sulale ya zauna a dokin ƙofa ya yi amai.

Madam Anisatu ta kama kafaɗar rigarsa ta ja shi ciki ta tura ƙofar. Ta miƙa masa ruwan leda.

"Sha, Masta. Ka zauna nan, kar yara su taka ka."

A cikin duhun ɗakin, da zafi da numfashin yara, wata yarinya ta ƙaramin aji ta fara kuka. Ya jawo ta kusa, ya rasa abin da zai ce mata, sai ya fara tambayarta jadawalin lissafi na sau bakwai. Ta amsa cikin shessheƙa. Na kusa da ita suka kama, a hankali, har harbin ya yi nisa.

Ba a yi masa kirari a kan wannan ba, shi ma bai nema ba. Abin da ya lura kawai shi ne, bayan 'yan kwanaki wani malami ya ƙwanƙwasa ofis ya shigo da matsalar ajinsa, maimakon ya wuce gindin dalbejiya.

Yau Masta Mashud yana nan a Bawku, furfura ta fara fito masa a gefen kai. Makarantarsa ba ta cikin waɗanda ake kira a rediyo in sakamako ya fito, amma malamai sun daina neman gudu daga cikinta, kuma iyayen unguwannin biyu suna zama a benci ɗaya ranar taro. In ya je Salaga hutu ba ya daɗewa a zaure, don har yanzu akwai tsofaffin da ke gabatar da shi ga baƙi a matsayin wanda ya goya yara a cikin wuta, shi kuma sai ya ce ba haka aka yi ba, ya tashi ya shiga ciki.

Da Madam Anisatu ta cika sharuɗɗa, shi ya yi ta zarya ofishin ilimi har aka ba ta shugabancin wata makaranta a Garu. Ranar da za ta tafi malamai suka haɗa 'yar walima, aka ce Masta ya yi magana. Ya miƙe ya ce, "Yaran Garu sun yi sa'a." Ya zauna. Ita kuma ta ce a kula da tankin ruwa, yana yoyo ta ƙasa, sannan ta hau keke mai ƙafa uku da jakarta.

Ba a turo wanda zai maye gurbinta ba, kuma 'yan aji uku jarrabawa na tafe. Ranar Litinin da safe ya rufe ofis, ya ɗauki littafin Turancin da ta bari da guntun alli, ya shiga ajinsu ya tambaye su inda suka tsaya.